Shekarar da Man Inna Ya Ƙi Barci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnenku ko da ba a gabana ba. Ana cewa ni Rabi na yaudari kakarku Inna Dije, uwar mijina, a kan shukar alkama, wai na yi wa tsohuwa wayo a cikin gidanta. Wasunku a gidan biki suka ji, wasu a bakin 'ya'yan Goggonku Lami, kuma na lura babu wanda ya taɓa tunkarata da zancen, don kuna jin nauyina. Na gode da wannan kara. To amma yanzu Inna ta koma ga Mahaliccinta, Goggo Lami ma ta bi ta, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini irin kashedin da suke yi wa tsofaffi. Gara in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina da bakin faɗa.

Sai na fara da kwalbar, don ku ƙanana ba ku tashi kun ga aikinta ba. Gidanmu gidan alkama ne tun kafin a haƙa kanal a jawo ruwan Tiga zuwa gonakinmu na nan ƙasar Bunkure. Mahaifin Inna da jigo ya yi nomanta a bakin kogi, yana ɗebo ruwa guga-guga yana ba fangali. Ita kuwa alkama 'yar sanyi ce. A sanyi take tashi, kuma tana bukatar sanyin ya raka ta har ƙwayarta ta cika. In zafi ya riske ta tana cikin madara, wato ba ta ƙosa ba, sai ƙwayar ta motse, a yi ta bugu ana ganin buhu ya ƙi cika. Saboda haka duk gwanintar manomin alkama tana wurin sanin ranar shuka. Mahaifin Inna yana da tandu na soyayyen man shanu da yake ajiyewa a alkukin ɗakinsa. Da kaka ta yi, kullum da hantsi sai ya ɗauko ya karkata shi. In man ya gangaro, da saura. Ranar da ya karkata man ya ƙi motsi don ya daskare, sai ya ce mai ya yi barci, sanyi ya zauna, a fitar da iri. Inna ta gaji wannan a wurinsa ta taho da shi gidan miji, sai dai ita kwalba ta samu maimakon tandu, wata koriya mai faɗin baki. Duk shekara bayan damina takan sayi sabon mai a wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta soya da kanta, ta cika kwalbar ta kai alkuki, na bara kuma ta bayar sadaka. Ba a cin wannan man a gidan, ko da kuwa an rasa abin ɗiga wa miya.

Lokacin da aka kawo ni gidan, na tarar kwalbar nan ta fi wasu masu sarauta jama'a. Da Nuwamba ta kama, magidanta sai su yi ta sallama a zaure, wannan ya ce ya zo gaishe da Inna, wancan ya ce wucewa yake, alhali duk tambaya ɗaya ce ta kawo su: man Inna ya yi barci? Ita kuma tana daga ciki tana jan aji, ta ce a ce musu su je su gyara fangalinsu, barci ba a yi masa dole. In an yi girbi kowa ya aiko mata da ɗan abin da ya samu don albarka. Babanku, wanda shi ne autanta, kuma Auta take kiransa har ya yi furfura, bai taɓa jefa ƙwaya ɗaya a ƙasa ba sai ta damƙi iri da hannunta ta zuba masa a tafi ta yi addu'a. Ni ma a inuwar alkamar nan na samu sana'a. Inna ce ta koya mini alkaki da finkaso, daga baya na sayi injin murza taliya, har sunan ya bi ni, Rabi mai taliya. Yawancinku da ƙarar injin nan aka yaye ku.

Ba zan iya ce muku ga shekarar da abin ya fara canjawa ba, don bai yi sallama ba. Sai dai muka lura man yana ƙara jinkirin barci, masu zuwa zaure suna ƙara yawan sintiri. A ɗaya gefen kuma zafi ya koyi sammako. Tun Fabrairu ba ta yi nisa ba sai ka ga mutane sun fara fitar da tabarma waje. Ni a hannuna na fara ji kafin in ji a bakin kowa. Alkamar da nake kai wa niƙa ta dawo da gari mai danƙo sai ta koma dusa ta fi yawa, taliya ina shanya ta a igiya tana kakkaryewa tana zuba ƙasa, kaji na murna ni ina takaici. Shekara biyu a jere aka yi haka. Kuma ku ji irin namu hankalin na mutanen da: ni da babanku muka ɓoye wa Inna. In an kawo alkama sai in zauna in tsince masu ƙiba in yi mata alkakinta da su, ta ci ta ce alkamar Auta ba ta da na biyu. A ganinmu ladabi muke yi.

A shekarar da nake ba ku labari, babanku ya faɗa mini ƙarara cewa in ta bana ma ta motse, ya bar alkama ke nan, zai koma masara da albasa kamar yadda wasu suka riga suka yi. Na san ba wasa yake ba, don mutum ne da ba ya maimaita magana. Barin alkama kuwa a wurina ba canjin shuka ba ne kawai. Injina ne zai yi tsatsa, kuma gidan da aka sani da abu ɗaya tun kaka da kakanni zai wayi gari ba shi da shi. Na shiga damuwa ƙwarai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Yayarku Ummi a lokacin ta gama kwalejin horon malamai tana koyarwa a firamaren garinmu. Sunan Inna ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi, Inna kuma ta ce mata Takwara, kuma kun san yadda suke, kullum cikin tsokanar juna. Ita ce ta zo wa babanku da maganar da malamin gona yake ta faɗa a bakin kanal ba mai saurare: a shuka alkama a tsakiyar Nuwamba, ko sanyi ya zo ko bai zo ba, don ta riga zafi cika. A zaure ta faɗa masa, a hankali, amma kunnen Inna ba ya tsufa a kan abin da ya shafe ta. Da la'asar muna tsakar gida, ina murza taliya Ummi tana karɓa tana shanyawa, sai Inna ta jawo kujerarta ta zauna kusa da mu.

"Takwara, me na ji kina faɗa wa ubanki?"

"Cewa na yi a shuka alkama a satin nan, Inna, kada a jira."

"Kada a jira wa?"

"Kada a jira sanyi."

"Ki dai faɗi gaskiya. Kada a jira Inna."

Ummi ta yi dariya ta zo ta durƙusa a gabanta, hannunta duk gari.

"Inna, ba man naki ne ya yi ƙarya ba. Gaskiya yake faɗa, sanyi bai zo ba. Sanyin ne yanzu yake zuwa a makare, ya tafi da wuri. In muka tsaya jiransa a farko, zafi zai tare mu a ƙarshe."

"Shekara ai haka take, wata sanyi wata zafi. Na ga shekarar da muka kwana a waje a tsakiyar hunturu, tun uwarki ba ta san hanyar gidan nan ba."

"Wannan shekara ɗaya ce, ta zo ta wuce. Abin da ake cewa sauyin yanayi shi ne in abin ya ɗore, bana haka, baɗi haka, har ya zama shi ne sabon halin gari. Ke da kanki, Inna, yaushe rabon da ki ce a ɗumama miki ruwan alwala wata guda a jere?"

Inna ta ɗauki maficinta. Ta ɗan yi fifita, sannan ta ce:

"To wa ya sauya shi?"

"Mutane."

"A'uzubillahi. Yau kuma mutum ne ke kawo sanyi?"

"Allah ne ke kawo sanyi da zafi, Inna. Kuma Shi ya tsara cewa wanda ya kunna garwashi ya rufe ɗaki, ɗakin zai ɗume masa. In ya galabaita ba za a ce ba da ikon Allah ba, amma kuma ba za a ce ba shi ya rufe ƙofa ba."

Na daina murzawa don in ji da kyau, kuma abin da na fahimta ranar shi nake riƙe da shi har yau. Ummi ta ce duk abin da ake ƙonawa don a samu ƙarfi, fetur ne, gas ne, kwal ne, yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, wadda suke kira kabon. Masana'antu da motoci da jirage da manyan injinan wutar lantarki na duniya sun daɗe suna fitar da ita, tun kafin a haifi Inna, kuma ba ɓacewa take ba, taruwa take a sama. Zafin rana yana shigowa ta cikinta, amma in ya tashi fita sai ta riƙe wani, kamar tukunyar da aka sauke aka bar ta da murfi. Itatuwa su ne ke shanye wannan iska, su kuma ana ta sare su. Ta ce shi ya sa abin bai tsaya ga zafi ba, har damina ta rikice, ruwa ya ƙi zuwa lokacin da ake nemansa, in ya zo kuma ya zo da faɗa ya kwashe shuka. Sannan ta juyo kanmu, don Ummi ba ta iya barin magana rabi ba. Ta ce mu ma muna da namu ɗan kason: tattakar shinkafa da ake cinna wa wuta bayan girbi, da itacen girki, da injin ban-ruwa, har shinkafar da ke kwance cikin ruwa tana fitar da tata iskar, haka ma shanu in suna gyatsa.

"Yanzu har saniya ta shiga laifi?" in ji Inna. "Ashe man nawa ma daga gidan masu laifi ya fito."

"Namu kaɗan ne, Inna. Manyan ƙasashe masu masana'antu su suka fi kowa."

"Wato wani ya hura wutarsa a can, ni in rasa sanyina a nan."

"Kusan haka ne."

"To a je a ce musu su rage mana."

"Ana ta faɗa musu."

"Suna ji?"

"Kamar dai yadda kike ji, Inna."

Inna ta kai mata duka da mafici, Ummi ta goce, muka yi ta dariya har da ita. Amma da ta miƙe za ta ɗaki sai ta tsaya ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a gidan nan ba a shuka sai mai ya yi barci. Da na kai wa babanku tuwo na gwada taɓa maganar, ya ɗaga mini hannu.

"Rabi, na yarda da abin da yarinyar nan ta faɗa. Amma ba zan tsallake Inna ba. In alkama ta lalace na noma wani abu. In na karya mata zuciya a wannan shekarun nata, me zan noma in gyara?"

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Haka muka zuba ido. Gona a gyare, iri a ɗaki, ruwa na wucewa a kanal, Inna kuma kullum da hantsi ta ɗauko kwalba ta karkata, man ya gangaro kamar ruwa. Masu sallama a zaure suka fara gajiya, wasu suka daina ɓoye ƙorafinsu.

Abin da ya juya al'amarin ba wayon kowa ba ne. Wata rana ina bayan ɗaki na baje ragowar alkamar bara a faifai ina tsince wa Inna masu kyau kamar yadda na saba, ban ji tahowarta ba sai inuwarta na gani a kaina. Ta sunkuya ta damƙi wadda na ware gefe, ta murza a tafinta, ta kai kusa da ido. Ƙwayoyin duk a motse, sirara, ba nauyi.

"Rabi, wannan ta ina ce?"

"Ta gonarmu ce, Inna."

"Ta bara?"

"Ta bara. Ta bara waccan ma haka take."

Ta dubi ɗan tulin masu ƙiba da ke ɗaya gefen faifan, ta dube ni. Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira faɗa, amma ba ta yi ba. Ta zuba alkamar a hankali inda ta ɗebo, ta karkaɗe hannunta, ta ce ashe ita kaɗai ke cin alkamar da. Ranar ba ta fito hira ba.

Washegari na idar da salla, gari ya yi haske, na fito da tsintsiya. Kun san randata da ke gindin darbejiya a ƙofar ɗakina, wadda na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi. Duk gidan ba ruwan da ya kai nata sanyi. Sai na ga Inna sunkuye a kanta, tana jawo wani abu da tsumman zane. Kwalbar ce. Ashe a ciki ta kwana. Ta karkata ta, ta duba, ta sake zura ta a hankali ta mai da murfi. Da ta ɗago muka haɗa ido. Na durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, Rabi. Randar nan taki akwai sanyi."

"Akwai, Inna."

"Kada ki ɗebi ruwa yanzu."

"To, Inna."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Na yi sharata, ta koma ɗaki. Da hantsi ya yi ta fito ta ɗauke abarta, ta aika a kira mata Auta. Ina daga bakin murhu ina kallo. Ta miƙa masa kwalbar ta ce ya karkata da kansa. Ya karkata, man bai motsa ba. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar mata, na ga ya goge tafin hannunsa da sanyin ruwan kwalbar ya jiƙa a jikin rigarsa. Har yau bai taɓa ce mini komai a kai ba. Inna ta sa aka kawo iri, ta damƙa ta zuba masa a tafin nan da ya goge, ta yi addu'ar da ta saba.

"Je ka shuka, Auta. Allah Ya sa albarka."

Kafin azahar labari ya zaga gari. Waɗanda suka rage suna jira duk suka fita gona.

Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da abin rubutawa. Sai ga Goggo Lami, yayar babanku da ke aure a Garun Malam, ta zo ganin gida bayan kwana kaɗan. Allah Ya ji ƙanta, mace ce mai ido da hanci, kuma tana son uwarta so mai zafi. Ta shiga ɗakin Inna, ta ɗauko kwalbar don ta ga abin albarka, sai man ya gangaro mata. Ta mayar da ita alkuki. Ta fito tana jin ƙishi, ta ɗebi ruwa a randata, ta kai baki, ta tsaya. Na wanke randar nan har sau biyu, amma man shanu ba ya barin wuri da sauƙi.

"Rabi, randar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Yaya."

"To me ya kawo ƙanshin man shanu cikinta?"

Ta dubi ɗakin Inna, ta dubi randa, na ga lissafin ya haɗu a fuskarta. Ta fara faɗa, murya sama, matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Ta ce ni da 'yata 'yar boko mun haɗa baki, mun saci kwalbar tsohuwa mun jiƙa, mun mayar mata, mun sa ta yi wa gari ƙarya da bakinta. Inna ta fito tana dafa bango.

"Lami, saurara in faɗa miki."

Na ga abin da za ta faɗa, na kuma ga kawunan da ke kan katanga. Ban san lokacin da na tari numfashinta ba, abin da ban taɓa yi ba tunda na zo gidan.

"Yaya, randar tawa ce, kuma a cikinta kwalbar ta kwana. Ki yi haƙuri."

Ku duba da kyau, ban yi ƙarya ba ko ɗaya. Na dai bar ta ta ƙarasa da kanta. Dalilina kuwa shi ne, da an ji Inna ce ta yi da hannunta, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna durƙuso a zaure za su ce ashe dama haka take yi, su zubar da ita da mahaifinta gaba ɗaya. Ni kuwa matar ɗa ce. Sunan makira dama a ajiye yake yana jiran irinmu, in an liƙa mini ba wanda zai yi mamaki. Kuma ina sonta, wannan shi ne gaskiyar magana. Matar da ta kama hannuna ta koya mini murɗa alkaki ba zan tsaya ina kallo a yi mata dariya ba.

Ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Goggo Lami ta daɗe ba ta cin abin da na dafa, in ta zo sai ta ce ta ƙoshi. A gidan suna in na shiga sai hira ta canja. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne da ta tashi aurar da 'yarta, alkakin gara wata ta kai wa ta yi, ni da duk dangi suka san hannuna. Ranar na shiga ɗaki na yi kukana na share. Ummi ta matsa mini in faɗa mata gaskiya, don ita ma an shafa mata, na ce ta bar maganar. Ummi, ki yafe mini wannan shirun, yau ga amsarki.

Zafi ya yi sammako a shekarar kamar yadda ya saba, amma ya tarar alkama ta riga ta cika. Ba ta kai ta zamanin da ba, kada in yi muku daɗin baki, sai dai ƙwaya ce mai nauyi, garinta da danƙo, taliya ta tsaya a igiya ba ta karye ba. Babanku bai bar alkama ba. Daga baya ya karɓi sabon iri mai jure zafi, ya rage mata fili ya ba masara da albasa, don akwai shekarun da ko an yi sammakon shuka sai zafin ya yi mana ɓarna. Ya daina ƙona tattaka, yana tara wa dabbobi, ya kuma dasa mangwaron nan da kuke sha a gefen gona. Ba na ruɗin kaina cewa mangwaronmu zai dawo da sanyin da Inna ta sani. Abin ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma masu hura babbar wutar har yanzu ana ta fama da su. Amma mun ci, mun sha, mun aurar da ku, injina bai yi tsatsa ba sai da hannuna ya gaji don kansa. Alhamdu lillahi, ban da abin da zan ce Allah bai yi mini ba.

Na yi gaba da yawa, bari in koma ranar da na murza taliyar farko da sabuwar alkamar. Na dafa, na zuba wa Inna a kwanonta da ɗan wake da yaji, na kai mata ɗaki. Na ajiye zan fita sai ta ce in dawo in saki labule. Ta miƙe da ƙyar ta kai hannu alkuki ta ɗauko kwalbar. Lokacin bazara ta kama, man ya narke sarai. Ta buɗe ta tsiyaya a kan taliyar, ba kaɗan ba.

"Inna, man alkuki ne fa."

"Na sani. Ya yi wa ubana aiki, ya yi mini. Yanzu garin da ya sani ba shi ne wannan ba. Zauna mu ci."

Kun san a al'adarmu matar ɗa ba ta haɗa kwano da uwar miji. Shekarun da na yi a gidan ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na ce na ƙoshi, ta ce ba ta tambaye ni ba. Na zauna a gefen tabarma na sa hannu, ina ci ina kallon ƙasa. Ban taɓa cin taliya mai daɗin wannan ba, kuma ni na yi ta. Muna cikin ci ta ce:

"Rabi, kin ɗauki kayan da ba naki ba."

"Ba nauyi, Inna."

"Da nauyi, ina gani. Ni ba ni da ƙarfin karɓa yanzu, kin riga kin hana ni. In na mutu ki sauke."

Da ta rasu ban sauke ba, don Goggo Lami na raye, kuma ban ga amfanin in sa ta kwana da nadama a kan abin da ta yi don son uwarta ba. Mun ma shirya kafin ta tafi. A ciwonta na ƙarshe kunun hannuna kaɗai take karɓa, ko da yake ba ta taɓa janye maganarta ba, ni ma ban nema ba.

Kwalbar tana nan a alkukina, koriyar nan da kuke ɗauka ku zuba mai a shinkafa ba tare da kun san ko ta wace ce ba. Ku ci gaba da zubawa, kakarku ce ta fara. Ni dai Inna ta ce in sauke, ga shi na sauke.